Tudun Ayuba

Duk wanda ya saba bin hanyar Kwalkwalawa a shekarun mulkin soja ya san Ayuba, ko da bai san sunansa ba. Idan ka wuce ƙauyen ka hau tudun da ke arewa da shi, za ka hango wani dogon mutum, baƙi, siriri, zaune a gindin aduwa da sanda a kan cinyarsa. Gadi yake yi. Abin da ya sa ake yi masa dariya kuwa, babu abin da ido zai nuna ya ce ga abin da ake gadi: ba gida, ba gona, ba shago, sai fili da wasu ɗakuna da aka kwashe wa rufi. Abin da yake tsaro yana ƙarƙashin ƙasa. Farar ƙasa ce, irin wadda mata masu ciki ke kwaɗayin ci, kuma aikin Ayuba tun yana da ƙarfinsa har ƙarfin ya ƙare shi ne kada ko ɓarɓashinta ya shiga bakin wata.

Ba ɗan Sakkwato ba ne. Daga kudancin Zariya ya fito, wani ƙauye a cikin duwatsu. A asibitin mishan ya fara aiki, wankin kwalabe da dafa allurai, kuma hannunsa ya faɗa da aikin. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai suka fara ambaliya, sai labari ya bazu cewa a Sakkwato ana ɗaukar ma'aikata ko'ina, ko da karatunka bai wuce firamare ba. Ya ɗauko matarsa Rahila da ɗansu Markus a goye, da keken ɗinkinta, suka kama haya a Ƙofar Marke, gidan wani mai sayar da hatsi. Bazarar farko saura kaɗan Rahila ta tattara ta koma, don ta ce ba ta taɓa ganin garin da ɗaki ke korar mai shi ba. Daga baya ta saba, har ta zama ita ce mai ɗinka wa matan unguwar kayan Sallah.

Lokaci ne da gwamnati ta rasa inda za ta kai kuɗi. Kowane wata sai ka ji an kafa sabon kamfani, da motoci, da Turawa, da allo a bakin hanya. A cikinsu akwai wani na binciken ma'adinai, shi ne ya gina ɗakin gwaji a kan wannan tudu. Manya a Legas suna mafarkin wata rana ƙasar za ta sha wutar lantarki daga makamashin nukiliya, an kuma gaya musu irin wannan wuta tana barin dagwalo mai haɗari, wanda dole a san inda za a binne shi. Shi ya sa aka ce a gwada yumɓun ƙasar nan, a ga ko zai iya riƙe gubar. Nan Ayuba ya samu aiki. Kullum da safe sai ya hau kekensa daga Ƙofar Marke, ya ƙetare gulbi, ya je ya wanke kwalabe.

Shugaban ɗakin gwajin Dakta Abdulwahabu ne, ɗan Ƙofar Kware, mutum mai son bayani ko ba a tambaye shi ba. Farar ƙasa ake kawo masa a tifa daga wajajen Dange. Ayuba ne ke jiƙa ta, ya tace, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe, har ta yi laushin da ba ka jin ko ƙwayar yashi a tsakanin yatsu. Wata rana da hantsi Daktan ya kira shi.

"Malam Ayuba, zo ka ga abin da wahalarka ke yi."

Ya nuna masa wani dogon bututun gilashi da aka cika da ƙasar. A gefe akwai ruwa a kwalba, garai-garai, ba launi ba wari, amma an sa masa irin gubar nan. Daktan ya kara masa wata na'urar gano gubar, mai kama da rediyo, sai ta hau ƙara ƙas-ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa. Ya tsiyaya ruwan ta saman bututun, suka tsaya har ya fara ɗigowa ta ƙasa. Ya kara na'urar a ruwan da ya ɗigo, ta yi shiru, sai ƙas ɗaya can ba a rasa ba. Ya mayar da ita jikin ƙasar, ta sake ruɗewa.

"Ranka ya daɗe, ina abin ya tafi?"

"Ƙasar ta kama shi. Ka taɓa ganin yadda majema ke jera fata, ɗaya kan ɗaya? To haka cikin yumɓu yake, bene-bene ne sirara da ido ba ya gani, kuma a tsakaninsu akwai gishirin da ƙasar ke riƙe da shi. Idan wannan abu ya biyo ruwa ya zo, musaya take yi: ta saki gishirinta, ta damƙe shi."

"Ta kashe shi ke nan."

"Ina. Riƙewa kawai take yi. Ba a kashe shi, da kansa yake raguwa. Sai ya yi kusan shekara talatin kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, sannan wasu talatin ɗin rabin abin da ya saura ya tafi. Ni da kai ba za mu ga ƙarshensa ba. Amma in an bar ƙasar kwance a inda aka sa ta, ko ka taka samanta ba abin da zai same ka."

"Me zai sa ta saki?"

"Tsami. Kuma ka san cikin mutum da tsami yake narkar da abinci. In ta shiga ciki za ta saki abin da ta riƙe, jiki kuwa sai ya ɗauka abin gina ƙashi ne, ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye. Can zai zauna yana ƙuna a hankali, shekara da shekaru. Ɗan da ke ciki, wanda yanzu ake gina masa nasa ƙashin, shi ya fi kowa kwasa." Ya cire safar hannunsa. "Na san matanmu da farar ƙasa. Shi ya sa in mun gama za a zuba kankare a kai."

Ayuba ya dubi bututun. Ya tuna Rahila lokacin cikin Markus, yadda take ɓoye gutsuren farar ƙasa a bakin zani tana gurgura, in ya yi magana ta ce ba ita ke so ba, ɗansa ne. Ranar sau uku ya wanke hannu kafin ya hau keke.

To, ba a gama ba, aka gama da su. Farashin mai ya faɗi, sojoji suka sake karɓar mulki, aka ce a tsuke bakin aljihu. Turawan suka bi jirgi, motocin suka bi manya. Da ragowar ma'aikata Dakta Abdulwahabu ya sa aka haƙa rami mai zurfi a bayan ɗakunan, aka zuba ƙasar da ta sha guba a gangunan ƙarfe, aka jera su, aka cike tsakaninsu da samansu da sauran tatacciyar ƙasar da ba a yi aiki da ita ba, don in gangunan sun yi tsatsa ta tare abin da zai fito. Aka rufe da turɓaya. Kankare da shinge, aka ce, sai an saki kuɗi. Shi kansa Daktan aka mayar da shi Legas, na'urar ma aka tafi da ita, tunda kayan kamfani ce.

Ranar da zai tafi ya riƙe hannun Ayuba ya daɗe bai saki ba. "Malam Ayuba, ka riƙe mini wurin nan har in dawo da siminti."

"In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Kuma mutumin bai yi ƙarya ba, ya yi ta zarya a ofisoshi, ya leƙo tudun ba sau ɗaya ba, kowane zuwa ya fi na baya ramewa. Sai wata shekara aka ji mota ta kife da shi a hanyar Kwantagora. Allah ya jiƙansa. Da shi aka binne maganar siminti.

Albashi ya tsaya, ba wanda ya ce wa Ayuba ya tafi, ba wanda ya ce ya zauna. Ɓarayi suka kwashe kwanon rufi da tagogi, bai bi ta kansu ba. Ruwan damina ne ya tona asirin. Ya zaizaye gefen tudun ta gabas, sai ga fari ƙal ya bayyana a jikin jar ƙasa, ana hango shi tun daga hanya. Kafin a yi girbi mata sun gano.

Ya kore su da lalama, ya kore su da faɗa. Sai suka turo masa Inna Uwani, unguwarzomar ƙauyen, wadda kusan duk wanda ke yawo a Kwalkwalawa ita ta yanke masa cibiya. Tsohuwa ce gajeriya mai kaifin baki, ba ta tsoron kowa.

"Ɗana, don mi kaka hana mutane ƙasar Allah?"

"Inna, akwai guba a cikinta."

"Guba." Ta duƙa ta ɗebi cikin tafin hannu kafin ya kai gare ta, ta shinshina. "To, mu gani."

Ta je gida ta kwaɓa da dusa, ta ba kazarta a gaban mutane. Kasuwa ta zagayo sai ga ta ta hawo tudun da kazar a hammata, mata na biye da ita suna ƙunshe dariya.

"Ga ta nan, lahiya lau, har ƙwai ta yi. Ni ma na lasa, ga ni tsaye. Tun da munka tashi, gubar da ba ta kashe kaza ba, ba mu kiran ta guba."

Me zai ce? Ya ce sai an daɗe take nunawa, suka ce har yaushe. Ya ce shekaru, sai dariyar ta fashe. Ba wauta ba ce ta sa su, kada ma wani ya ce haka. Mutane ne da suka san guba, sun san ta maciji, sun san ta rogo, sun san ganyen da ke kumbura cikin akuya, kuma duk gubar da suka sani tana nuna kanta kafin rana ta faɗi. Na'urar da za ta yi masa shaida tana Legas. Bakinsa kaɗai ya rage masa, bakin baƙo.

Babu dabarar da bai yi ba. Ya zana alamar haɗari a jikin allo, mai fukafukai uku kamar yadda take a ƙofar ɗakin gwaji, yara suka ce Ayuba na tallar fanka. Ya dasa aguwa ya kewaye wurin, aka sare ta da adda. Ya je sakatariya, aka tura shi wannan ma'aikata, wannan ta tura shi waccan, ƙarshe wani ya ce masa kamfanin da babu shi ba shi da rami. Wasu suka ce zinariya Turawa suka binne. Wasu suka ce shi ke sayar da ƙasar a ɓoye. Wanda ya fi yi masa ciwo shi ne masu cewa baƙo ya zo yana yi musu iko da ƙasar kakanninsu, don ya san akwai gaskiya a ciki.

Har Dange ya riƙa zuwa a keke, ya ɗauro buhun farar ƙasa mai tsabta, ya ajiye a gindin aduwa ya ce kowa ta ɗiba kyauta. Suka ɗiba, suka gode, suka shafe ɗakunansu da ita. Ta ci kuwa, suka ce ba ta kama ƙafar ta tudu ba, wannan da tsakuwa, waccan narkewa take yi a harshe. Ayuba ya ji kamar ya ɗora hannu a ka. Shi ya tace ta, shi ya tankaɗe ta, da hannunsa ya mai da ita abin marmari.

Da suka lura ba ya tashi daga wurin sai ranar Lahadi da safe, sai suka mai da Lahadi ranar ɗiba. Wata Lahadi ciwon kai ya fito da shi daga coci tun ba a tashi ba, ya taka keke ya hawo tudun, ya tarar da wata yarinyar mace a cikin ramin da aka ƙwaƙule har ya kai ƙugu. Sadiyatu sunanta, matar wani masunci, cikinta ya tsufa. Leɓenta fari fat, ƙwaryarta ta kusa cika, a gefen gwiwarta kuma ga bakin ganga ya leƙo, tsatsa ta cinye shi ya huje.

"'Yata, tun yaushe kike zuwa nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun cikin na ƙarami, Baba."

Daga ranar bai sake zuwa coci ba, mutumin da ke cikin ƙungiyar mawaƙa tun yana saurayi. Ya rufe ɗaki ɗaya da zana da kara ya tare a tudun. Rahila ta zauna a Ƙofar Marke tana taka keken ɗinki, da shi ta ciyar da su, da shi ta yi wa Markus makaranta. Takan kawo masa abinci, takan kawo faɗa tare da shi.

"Baban Markus, wai wa ya aike ka? Wanda ya ba ka amanar ya mutu, waɗanda kake tsarewa suna zaginka."

"Maman Markus, na gani da idona, na ji da kunnena. Da ban sani ba da na huta."

Sadiyatu ta haihu lafiya, namiji. Inna Uwani da kanta ta hawo da jaririn ta ɗora wa Ayuba a hannu, ta ce ya ƙirga yatsun. Ayuba ya yi murna har da hawaye, ya ce Allah ya sa shi ne maƙaryaci. Yaron ya yi wayo, ya fara bin ubansa gulbi. Sai ya soma kukan ƙafafu, ya ɗashe, haɓo ya riƙa zuwa masa ba dalili. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, bai kai shiga makaranta ba ya rasu. Wasu suka ce amosanin jini ne, wasu suka ce shawara, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Ayuba ya je gaisuwa ya zauna a bakin tabarma. Ƙasar ce? Bai sani ba. Yara na mutuwa a ƙauyen kowace damina, waɗanda uwayensu ba su taɓa hawa tudun ba. Babu mai gaya masa e, babu mai gaya masa a'a, kuma wannan rashin sanin ne ya ci shi fiye da yunwa da zagi.

Bayan shekara sai ga Sadiyatu ta sake hawowa, da wani cikin. Ba ta zo da ƙwarya ba. Ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baba, kaɗan. Wallahi ban iya barci, ita ɗai raina ka so." Ya ba ta ta Dange, ta karɓa don kunya. Da ta juya ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, babba da shi.

Haka shekaru suka tafi. Wannan soja ya ture wancan, Ayuba na gindin aduwa. Markus ya gama karatu ya samu aiki a Kaduna, ya gina wa iyayensa ɗaki mai rufin kwano a ƙauye, ya yi ta aike su dawo gida. Ƙafafun Ayuba suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya hau tudun. Likita ya ce zuciya ce. Ya gane tafiya ta matso, kuma ba mutuwar ke hana shi sukuni ba, wa zai zauna a wurin in ya tashi? Ya taɓa gwada maganar da Markus. Markus ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wurin nan ya cinye mini uba, ba zai cinye wa 'ya'yana nasu ba." Ayuba bai ga laifinsa ba.

Wata rana da la'asar yana dawowa daga asibiti a kan kabu-kabu, mashin ɗin ya mutu a kusa da inda ake yin tubali a bakin fadama. Ya sauka ya zauna yana jira. Masu tubalin sun haƙe wurin ya zama ƙaton kududdufi, amma a tsakiyarsa sun bar wani gunduman ƙasa tsaye, ya fi mutum tsawo, ciyawa a kansa. Laka ce mai kyau, an kwashe ta gabas da yamma, an bar wannan. Ya tambayi mai wurin, wani dattijo da ake kira Arzika.

"Kabarin wani na," in ji Arzika.

"Na wane ne?"

"Allah shi ɗai ya sani. Haka munka ishe shi."

"Musulmi ne?"

"Wa ya sani? Mutum dai na."

Ayuba ya daɗe yana kallon gunduman ƙasar nan har mai mashin ya gaji da kira. Washegari ya sauka ƙauye da sandarsa, ya yi sallama a ƙofar Inna Uwani. Ta tsufa tukuf a lokacin, idonta ya tafi, bakin dai yana nan.

"Inna, tambaya na zo yi. Da a ce akwai kabari a kan tudun nan, za a ci gaba da ɗiba?"

"Wa ka tona makwancin mutum? Ko mai ciki ta haukace ba ta cin ƙasar kabari." Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. "Ayuba, kabarin wa?"

Ya dogara sandarsa ya miƙe. Ita kuma ba ta sake tambaya ba.

Sai wanda ya san mutanen su Ayuba zai san nauyin abin da ya ƙudura. A wurinsu ba a barin gawa a baƙon wuri. Ko a Legas mutum ya mutu, dangi za su haɗa hannu a ɗauko mota a kai shi gida, a kwantar da shi kusa da ubansa, a ɗaure kabarin da siminti, a kafa gicciye da sunansa, don jikoki su san inda za su tsaya. Wanda aka binne a waje, ana lissafa shi cikin waɗanda suka ɓata. Ayuba ya san wurinsa, a bayan rumbun mahaifinsa, wansa Bitrus ya daɗe da keɓe masa shi.

Da ya gaya wa Rahila a tudun yake so a binne shi, tana zuba masa miya. Ta ajiye ludayin.

"Ka bar ni ni kaɗai a coci, ban ce komai ba. Ka bar ni ni kaɗai a ɗaki. Yanzu can ma ni kaɗai zan je in kwanta?"

"Ki gafarce ni, Maman Markus."

Ta tashi ta tafi ba ta ɗauki kwanukanta ba. Ta yi kwanaki ba ta hawo ba. Ranar da ta dawo ba ta ce ta yarda ba, ta dai tambaye shi yadda yake so a yi, ta zauna ta saurara.

Ya je wurin fasto, fasto ya ce ƙasa duk ta Ubangiji ce, amma danginsa fa. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya shafa gemu ya ce filin na gwamnati ne, shi bai ba shi ba, bai kuma hana shi ba. Ya sayar da kekensa, ya ɗauki jakunan Arzika haya, aka yi ta jido jar ƙasa daga nesa ana jibgawa a kan ramin da gefen da ya zaizaye, har tudun ya yi sabon doro mai kauri, yadda za a iya haƙa kabari a ciki ba a taɓa farar ba. Ya bar wa Rahila wasiyya da baki: a binne shi da rana tsaka kowa na gani, kada a sa siminti, kada a sa gicciye, kada a sa suna, a baje ƙasar ta yi daidai da sauran. Don in an san iyakar kabarin, za a bar shi tsaye a haƙe gefensa, kamar na bakin fadama. In ba a sani ba, duk tudun ya zama shi.

A ƙarshen damina ya rasu, a kan tabarmarsa, Rahila na gefensa. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa, aka aika gida. Yaya Bitrus ya iso da bas da mazan dangi, an cire kujerun baya don akwatin. Rahila ta durƙusa a gabansa a tsakar gidan Ƙofar Marke ta faɗa masa. Tsohon ya saurara har ta gama.

"Me zan gaya wa mutanen gida? In ce na bar ɗan uwana a kan juji?"

"Yaya, ka ce musu yana wurin aikinsa."

Markus ya ce shi ma ya ji wasiyyar daga bakin ubansa. Aka yi ta magana har rana ta karkata. Daga ƙarshe Bitrus ya ce ba da yardarsa ba, amma ba zai yi kokawa da matacce ba.

Washegari da hantsi aka hau tudun. 'Yan coci suka zo da waƙoƙinsu, mai hatsin Ƙofar Marke ya rufe rumfarsa ya zo, Arzika ya zo da masu tubali. Matan Kwalkwalawa ba su matso ba, sun tsaya can bayan ragowar aguwa, da yawansu, wasu da goyo, wasu da ciki, Sadiyatu na riƙe da hannun Inna Uwani. Aka saukar da shi, aka mayar da ƙasa, aka bi da shebur aka baje har ba ka iya cewa ga inda aka haƙa.

Mutane sun fara watsewa sai Bitrus ya ciro hankici daga aljihu ya shimfiɗa a tafin hagunsa. Al'adarsu ce: in an rasa yadda za a yi da gawa, akan ɗebi ƙasar kabarin a kai gida a binne a madadinta. Ya duƙa da ƙyar, ya cika hannun damansa da jar ƙasa. Kafin ya miƙe Rahila ta riƙe wuyan hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansu.

"Yaya, ko ita ya ce kada a ɗiba."

"Wannan ai ba farar ba ce."

"Na sani. Amma suna kallo."

Bitrus ya ɗaga kai ya dubi matan da ke bayan aguwa. Su ma shi suke duba, ba mai motsi. Ya daɗe a duƙe, hannunsa a cikin nata. Sannan ya buɗe yatsunsa, ƙasar ta zube inda ya ɗebo ta. Ya karkaɗe tafinsa a kan wurin har ya tabbata babu abin da ya maƙale, ya ninke hankicin ya mayar aljihu, ya gangara wajen bas ɗin.